Yadda ake koya wa ƙaramin yaro haɗa baƙi da rubutu a tsakar gida

Duk shekara, da zarar Oktoba ta kama an koma lakwal, wato makarantar boko, kuka ɗaya nake ji daga bakin iyaye a unguwarmu ta Garin Malam a nan Zinder: yaro ya ƙare CI, ajin farko na firamare, yana rera a, be, se, de har ƙarshe ba tuntuɓe, amma in aka rubuta masa "mama" a ardwaz sai ya tsaya yana kallon bakinki. Na daɗe ina riƙe da alli a ƙananan azuzuwa kafin in ajiye, na kuma ga irin wannan yaro ba sau ɗaya ba. Ya haddace sunayen haruffa, amma ba wanda ya nuna masa cewa kowane zane a kan allo sauti ne da bakinsa ya riga ya saba da shi, kuma in an jera sautukan an haɗa, magana ce ke fitowa.

Wannan ganewa ta fi saurin zuwa cikin harshen da yaro ke roƙon kunu da shi. Shi ya sa nake cewa a gida a fara da Hausa, ko da Faransanci ake yi masa a aji. Abin ba baƙo ba ne gare mu: a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke fara koyar da yara cikin harshen gida, a 1973, kuma tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ga shi rubutun Hausa ba ya da yawan ɓoye-ɓoye, kusan abin da ka ji shi kake rubutawa. Yaron da ya iya haɗa "ma" da "ta" a Hausa, da wannan dabarar zai shiga Faransanci.

Abin da za a tanada

Ardwaz da alli, ko faranti da aka zuba wa yashi. Murafun kwalba kamar talatin, a wanke su. Kwalin sukari ko na shayi da za a yanka ƙanana. Tsakuwa ko ƙwallayen dabino guda goma. Kaye ɗaya, wato littafin rubutu, da ba na lakwal ba. Shi ke nan.

Lokaci kuwa, kada ya wuce minti 10 zuwa 15 ga ɗan shekara 5 ko 6, amma a yi kullum. Bayan la'asar ya fi, in rana ta yi sanyi kuma kafin duhu, don kada ɗaukewar wuta ta katse ku. A zafin Afrilu da Mayu, kada ki kama yaron da ya dawo da tsakar rana ki ce ya zauna karatu. In yana zuwa makarantar allo da yamma, to Alhamis da Juma'a da ba a zuwa su ne ranakunku masu faɗi, sauran ranaku a ɗan taɓa da safe ko bayan magariba.

Mataki na farko: kunne kafin ido

Mako biyu ko uku na farko ba a bukatar alli sam, kuma wannan mataki uwa ko kaka da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya shi tsaf.

A fara da tafa gaɓoɓi. Ki faɗi sunansa kina tafi: Mu-sa, tafi biyu. Ha-di-za, uku. Da-ma-ga-ram, huɗu. Bir-ni, Zan-go, Ma-ga-rya, Ma-ta-mai. In ya kama, a ajiye tafi a ɗauko tsakuwa: kowace gaɓa ya tura tsakuwa ɗaya gaba, daga hagu zuwa dama. Wannan hagu zuwa dama ɗin da gangan ne, za mu dawo kansa.

Sai ki juya wasan. Ki ce, "Miƙo mini lu... da... yi," ki bar shi ya haɗa da kansa ya ɗauko ludayi. "Ina ta... bar... ma?" Wannan shi ne ainihin aikin karatu, ana yinsa da baki kafin a yi shi da ido.

Daga nan sai farautar sautin farko. Kina tankaɗe, ki ja sautin: "Mmmm, masara. Me kuma ke farawa da mmm a gidan nan?" Zai ce madara, zai ce muciya, wata rana zai ce akuya. Kada ki ce ya yi kure, ki ja masa "aaaakuya, mmmmasara", ki tambaye shi ko bakin ya rufe iri ɗaya.

Zaurancen da muke hana yara yi, wai rashin kunya ne a gaban manya, babban horo ne a nan. Yaron da ke iya mayar da "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tada fidi" ya san inda kowace gaɓa ta yanke. Haka mai juya kalma: riga ta koma gari, rama ta koma mara, bara ta koma raba, ƙasa ta koma saƙa. Ki bar yayyensa su koya masa. Haka ma karya-harshen nan na kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, ya fi kowane darasi raba wa yaro k da ƙ a kunne.

Mataki na biyu: harafi da sautinsa, kaɗan-kaɗan

A nan aka fi ɓata aiki, don haka zan ɗan tsaya.

Harafi yana da suna, yana da sauti, kuma ba ɗaya ba ne. A lakwal ana kiran m da "em", l da "el", h da "ash". A abacada ta Hausa ana cewa ba, ca, da, fa. Duka sunaye ne. In yaro ya riƙe cewa wannan zane "em" ne, ka sa masa a a gaba, zai karanta "ema". In ya riƙe "ba" ne, ka sa masa i, zai ce "bai". Na sha ganin wannan a aji, kuma laifin namu ne masu koyarwa. Ki nuna m ki rufe baki ki ce mmm, ba ƙari. Sunan zai zo daga baya ba wahala.

Kada a bi jerin a, b, c. A zaɓi haruffan da ke ba da kalmomi da wuri. Ni ga yadda nake jera su: a, m, n, i, k, u. Wasula uku, baƙaƙe uku. Na fara da m da n don ana iya jan sautinsu, su zarce cikin wasali ba yankewa. Irin su b, t, d, k ba su jawuwa, sukan fi wuya a farko, shi ya sa k kaɗai na sa cikin rukunin farko. Harafi biyu a mako ya isa.

Kowane sabon harafi a bi da shi haka. Ki faɗi kalmar da ya sani mai farawa da sautin. Ki rubuta harafin babba-babba a yashi kina faɗin sautin. Ya bi sawunki da yatsa sau uku yana faɗi. Ya share ya yi nasa. Sannan ki ba shi kwalin shayi ko ledar omo ya nemo harafin a jiki, ko da rubutun na Faransanci ne, ai m dai m ce. A ƙarshe a rubuta shi cikin murfin kwalba, a jefa a gwangwani tare da ƴan'uwansa. A yi amfani da ƙananan haruffa, su ne suka cika littafi. Manya sai a farkon sunansa.

Mataki na uku: haɗa baƙi da wasali

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari: ana gama babbaƙu sai a shiga farfaru, a ɗora wa baƙi wasali. Boko ma haka yake, sai dai wasalin yana zama a gefen baƙi maimakon bisa ko ƙasa. In maigida ajami ya iya, ya bayyana wa yaro haka, zai gane nan take.

Ki ajiye murfin m a hagu, na a a dama, da ɗan rata tsakaninsu. Ki sa yatsa ƙarƙashin m kina jan mmmm, ki tura shi a hankali har ya taɓa a, muryarki ba ta yanke ba: mmmaaa, ma. Ki cire a ki sa i: mi. Ki sa u: mu. Sannan ki bar wasalin ki canja baƙin: ma, na, ka.

Kada a bari ya zama waƙa. Yaro na iya rera ma, me, mi, mo, mu ido rufe. Ki riƙa nuna su a hargitse, mu, ma, ni, ku, mi, sai kin tabbata yana dubawa kafin ya faɗa.

Da gaɓoɓin nan sun zauna, a rubuta su a guntayen kwali a fara jerawa biyu-biyu: ma-ma, na-ma, ka-ka, ku-ka, ku-nu, ku-ma, i-na. Daga haruffa shida kacal ga jimla ta fito: "Mama, ina kunu?" "Nana na kuka." "Kaka, ina nama?" Ranar da ɗiyar ƙanwata ta karanta ta ƙarshen nan, sai ta tashi da gudu ta shiga ɗakin tsohuwa tana nuna mata ardwaz, "Kaka, ke ake tambaya!" Duk kalmar da ya karanta, ki tambaye shi ma'anarta, ko ya nuna abin. In ba haka ba zai saba da fitar da sauti ba tare da jin abin da ya faɗa ba.

Daga nan a ci gaba da ƙara haruffa: s, r, l, t, b, sai o da e, sai g, d, f, h, w, y, z, j, c. A raba b da d da aƙalla mako biyu, kada a koyar da su tare.

Batun hagu da dama. Yawancin ƴaƴanmu hannu biyu suke karatu, allo daga dama, boko daga hagu. Don haka kada hankalinki ya tashi in ya rubuta "am" a maimakon "ma", ko ya juya b ta zama d. Ki ɗiga alama a gefen hagu na ardwaz ki ce, "Boko daga nan yake tashi." Ga b da d, ya dunƙule hannuwansa biyu ya ɗaga manyan yatsu: na hagu b, na dama d. Yara da yawa, har waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba, suna wannan juyi a farko, kuma yakan wuce.

Mataki na huɗu: masu ƙugiya, tagwaye, da gaɓa mai rufi

Hausa tana da baƙaƙe huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Na ƙarshen, mu a Nijar da ƙugiya muke rubuta shi, a Najeriya kuwa 'y suke sawa, don haka in littafin yaro daga Kano ya zo, ki gaya masa abu ɗaya ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo kalmomi biyu da ƙugiya kaɗai ta raba: kafa da ƙafa, baki da baƙi, kara da ƙara, daka da ɗaka. Ki rubuta biyun, ki faɗi ɗaya, ya taɓa wadda ya ji. Bakinsa ya riga ya san bambancin, ido kawai ake koya wa.

Sai tagwayen baƙaƙe, harafi biyu sauti ɗaya: sh a shayi, ts a tsintsiya, kw a kwano, gw a gwanda, ky a kyau, gy a gyaɗa, ƙw a ƙwai. A rubuta su tare cikin murfi guda, don ya ɗauke su abu ɗaya. Haka ai da au: kai, rai, sau, yau.

Gaɓa mai rufi ita ce wadda baƙi ya rufe bayanta, kamar "kan" a kanti, "tam" a tambaya, "bir" a Birni. Yara sukan haɗiye wannan baƙin, su rubuta "kati" suna nufin kanti. Maganinsa a ja sautin da ƙarfi, kannnti, ya ajiye wa n ɗin tsakuwarta. Baƙi mai ninki ma haka: daba da dabba, kala da kalla.

Akwai abin da rubutunmu ba ya nunawa, wato tsawon wasali da hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. In yaro ya karanta ɗaya a wurin ɗaya, ki ce ya ƙarasa jimlar ya ji wanne ya dace. Da kansa zai gyara.

Mataki na biyar: rubutu da dikte

Rubutu ba ya jiran karatu ya ƙare, tare suke tafiya tun daga "mama". Kalma uku zuwa biyar a rana sun isa, kuma daga haruffan da aka riga aka yi kaɗai.

Ki faɗi kalmar cikin jimla: "Riga. Baba ya sa riga." Ya maimaita. Ya ƙirga gaɓoɓin da tsakuwa. Ya ja layi ɗaya don kowace gaɓa, ya cika su ɗaya bayan ɗaya yana faɗi a hankali. In ya gama, ya sa yatsa ya karanta abin da ya rubuta, ba abin da ya yi niyya ba. Sau da yawa a nan zai ce, "Af, na manta i." In bai gani ba, ki rubuta daidai a ƙasan nasa, ku gwada harafi da harafi, shi ya gyara da hannunsa. Kalmar da ta ba shi wuya a sa ta cikin kaye, a sake ta gobe, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako.

Kurensa labari yake ba ki. Wanda ya rubuta "rga" ya ji baƙaƙe, wasali ne ya tsere masa, a koma wasan murafu. Wanda ya rubuta "lahiya" da "tahi" kunnensa ƙalau, yadda da yawa cikinmu ke faɗa ya rubuta. Ki yaba masa, sannan ki ce a littafi da f ake sa su, lafiya, tafi. Haka mai rubuta "gidam Musa", abin da baki ke faɗa ke nan, amma n ake rubutawa.

In ya fara jimla, sai batun raba kalmomi: "ya zo", "ta ci", "mun tafi" a rabe suke, "gidansa" da "rigarta" a haɗe. Ya riƙa sa yatsa ɗaya tsakanin kalma da kalma.

Bulala ba ta da wuri a wannan aiki. Yaron da ke jiran mari ba ya duba harafi, fuskarki yake dubawa yana cinke.

Mataki na shida: gada zuwa Faransanci

Wannan matsala tamu ce ta musamman, kuma ɓoye ta ba ya da amfani. Yaro sunansa Musa, a takardar haihuwa da kayen lakwal an rubuta Moussa. Uwarsa A'ishatu, a katinta Aïchatou. Unguwar Zango a allon hanya Zengou take. Ya leƙa WhatsApp na babansa ya ga "ina kouana" da "na tchi". Dole kansa ya ɗaure.

Ki gaya masa kai tsaye: harshe biyu ne, kowanne da yadda yake sa wa sauti riga. Ki raba shafin kaye biyu. A gefe ɗaya u, a ɗayan ou. Sh tamu ita ce ch tasu. C tamu, ta ci da ciki, su tch suke rubutawa, c tasu kuwa wani lokaci k ce, wani lokaci s. J tamu dj. E tamu ta fi kusa da é mai alama a ka. S tsakanin wasula biyu sukan ninka ta, shi ya sa Isa ya zama Issa. Sunayen ƴan gida su ne mafi kyawun misali, a rubuta kowanne iri biyu a manna a bango.

Sauran kuwa riba ce: a, i, o, m, n, l, t, d, b, f, k duk suna nan yadda ya san su, har zai karanta "moto" da "midi" ba wanda ya koya masa. Abin da ke bukatar horon baki su ne sautukan da Hausa ba ta da su: p, v, u ta Faransanci da ake tsuke leɓe, da masu fita ta hanci irin an, on, in. Ga p da f, ya riƙe guntun takarda gaban bakinsa, ya ji p leɓe biyu ne ke fashewa. Sannan a gaya masa Faransanci na da haruffan da ake rubutawa ba a faɗa, kamar t ta ƙarshen "petit", a riƙa ɗiga musu alama da fensir. Kada dai a cuɗa harsunan biyu a zama ɗaya kafin haɗa baƙi ya zauna masa a Hausa. Bayan nan, ki karɓi littafin karatunsa na aji ku bi shafin da aka yi ranar.

Abin karantawa

Littattafan yara na Hausa ba su cika kasuwa ba, don haka a yi na gida. Ya ba ki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ki rubuta jimla ɗaya a kowane shafi, shi ya yi zane. Ki rubuta kacici-kacici a gaba, amsa a baya: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Sai ya karanta "tsintsiya" da kansa kafin ya san ko ya ci gari. In za a aike shi kanti, a ba shi a rubuce: sukari, gishiri, ashana. In za a shiga kasuwar Dole, shi zai rubuta abin da za a sayo. Mai wayar zamani ya sa allon rubutu na Hausa, Gboard yana da shi da ƙugiyoyinsa, yaro ya rubuta wa kawunsa gaisuwa.

In ke ba ki karatun boko, mataki na farko naki ne gaba ɗaya, sauran a ɗora wa yaya ko ɗan maƙwabta da ke CM, wato azuzuwan ƙarshe na firamare, ke kuwa ki zauna kusa ki ce, "Karanta mini in ji." Kin san Hausa, in abin da ya fito bakinsa ba magana ba ce za ki ji, ki ce ya sake.

In an yi wata uku ana yi kullum amma sautin harafi biyar bai zauna ba, a fara duba jiki. Yana matso da ardwaz dab da hanci, ko yana ƙanƙance ido? Sai an kira shi sau biyu kafin ya waiwaya, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa? A kai shi gidan likita a duba ido da kunne. In duka lafiya, a ɗauki kayen gida a je wurin malaminsa bayan an tashi, ba a gaban yara ba. A gaisa, a buɗe masa shafin a ce, "Malam, ga inda muka tsaya a gida, ga haruffan da ke ba shi wuya. Wane shafi kuke a aji, kuma ko za a iya matso da shi teburin gaba?"